Turken da Jaɓɓi Ya Kawo Mini

Duk wanda ya zo koyon aiki a shagona na Kaura Namoda, abin da yake fara tambaya ɗaya ne: me turken dabba yake yi a jikin bango, tsakanin filaya da naɗin waya? Nakan ce masa shi ma kayan aiki ne. Sai ya yi dariya, yana tsammanin tsufa ne ya fara taɓa ni. Ku matasan yanzu haka kuke. Kun tashi kun tarar da intanet a aljihu, in saƙo ya ƙi tafiya ku kashe waya ku kunna, in ya tafi ku ce kun gyara. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta yana kallon fayil na hawa kamar tururuwa ɗauke da ƙwayar gero, ya kusa kaiwa ya faɗo a koma farko ba, bai san sana'ar nan ba tukuna.

A hannun Oga Fidelis na koyi aiki, wani mutumin kudu mai gyaran rediyo da talabijin kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekarata ta farko ban riƙe komai ba sai tsintsiya da gwangwanin sukurori. Sannu a hankali ya yarda na riƙe ƙarfen liƙi, daga nan na fara bin sa kafa kwandunan talabijin a gidajen masu hali. Da aka ba mu jiharmu, ofisoshi suka fara sayen kwamfuta, shi ne ya fara ja musu waya daga ɗaki zuwa ɗaki, ni ina saman tsani. Da aka ƙaddamar da Shari'a, babu wanda ya ce masa ya tashi, amma 'yan'uwansa na kudu suka dame shi da saƙo har matarsa ta daina barci, ya haɗa kaya. Ya bar mini mitar gwada wuta, da abin matse kan waya wanda har yau nake aiki da shi, da magana guda. Ya ce, "Lawali, ciwon da ya tsaya ka gan shi ba ciwo ba ne. Ka ji tsoron wanda yake ɓuya in ka zo." Da Hausarsa mai karkace ya faɗa, na yi dariya a lokacin.

Layin da ya mutu murus ba ya ba ni tsoro. Ka bi waya daga kwamfuta zuwa modam, akwatin nan mai fitilu da ke kamo layi, daga modam zuwa kwando, za ka ga inda ya mutu. Mugun shi ne mai ɗaukewa ya dawo. Mai karanta jarida a intanet ba zai ma lura ba, zai ce yau sabis na da nauyi. Amma mai aika babban fayil ya shiga uku, domin a wancan zamanin in layi ya ƙyafta ido sau ɗaya, aikin yini guda ya zube, sai a koma farko. Ba a ci gaba daga inda aka tsaya kamar yadda wayoyinku suke yi muku yanzu.

Wani aiki da na yi a Zurmi shi ya fara koya mini haƙuri. Ƙaramin shagon intanet ne, abin da ake kira kafe, kwamfutoci kaɗan. Da safe lafiya lau, da hantsi sai layi ya fara tsinkewa. Na canza kawunan waya, na canza sitabilaiza, na zargi janareta. Ashe gara ce ta ci rigar wayar a cikin katangar ƙasa, in rana ta gasa bango sai zaren ciki ya saki. A Kaura kuwa wani tela ne ya ja wuta daga janaretan mai kafe, duk sanda ya jona ayan ɗinsa na guga sai modam ya mutu ya farfaɗo. Daga nan na ɗauki tsari: wuta tukuna, sannan waya, sannan na'ura, sannan sama. Kuma kafin ka taɓa komai, ka zauna ka yi kallo, ka ga me ke faruwa a duniyar Allah daidai lokacin da layi ke ɗaukewa.

Shekarar da nake kira mummuna, tsawa ce ta buɗe ta. A damina guda ta ƙone modam ɗin kafen Kaura har bango ya yi baƙi, mai shi bai iya sayen wani ba. Na Zurmi ya gaji da tsadar layi ya mayar da shagon wurin sayar da taki. Duk yankin nan kwando ɗaya ya rage mai magana da tauraron ɗan'adam, na Alhaji Garba a Shinkafi. Ni na kafa shi da hannuna. Shagon a jikin gidansa yake, yana kallon titi, kwandon kuma saboda tsoron ɓarayi Alhaji ya ce a cikin gida za a sa shi. A tsakar gida na haƙa rami, na kafa ƙaton ƙarfe, na zuba masa siminti, na ratsa waya ta bango zuwa shago.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla aka aiko mini in zo Shinkafi maza. Na hau babur na tafi. Na tarar da Malam Nasiru, ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti, zaune gaban kwamfuta ya yi tagumi. A bakin ƙofa kuma wani makiyayi ne a tsugune da sandarsa, an ce mini sunansa Jaɓɓi, daga wata ruga a wajen Galadi. A gefensa akwai 'yarsa Dije, yarinya ƙarama, an rufe mata rabin fuska da ɗankwali.

Malam Nasiru ya yi mini bayani. Bayan ƙyanda, ciwon nan mai cin kumatun yara ya kama Dije. Ciwon ya warke, amma ya bar mata rami a kunci, kuma muƙamuƙinta ya kulle. Ba ta tauna komai, nono da kunu ake ɗura mata ta gefen baki. Akwai likitocin ƙasar waje da ke zuwa wani asibiti a Sakkwato sau ɗaya a shekara suna gyara irin wannan, amma tun kafin su taso suke zaɓar waɗanda za su yi wa aiki, ta hanyar hotuna. Ya ari kyamara ya ɗauki hotunanta da ɗan bidiyo mai nuna iyakar inda bakin ke buɗuwa. Ranar Juma'a suke rufe karɓa. Ya rage murya don kada uban ya ji, ya ce, "Lawali, dubi hannuwanta. Ni ban ga alamar za ta kai baɗi a haka ba."

Abu na farko da kowane ɗan koyo zai ce shi ne a rage girman fayil ɗin. An riga an yi. Likitocin suka amsa cewa hoton ya dushe, ba su ga ƙashi ba, a turo na asali. Na ce a raba shi gunduwa-gunduwa, shafin da suka bayar ya ƙi karɓa sai a dunƙule. Na kwafa a faifai na ba direba ya kai wa wani abokina a Gusau. Kafen da na yarda da shi a can mai shi ya tafi aikin Hajji ya rufe, sauran kuma a cike suke da mutane, layinsu ko wasiƙa da ƙyar take wucewa. Abokin nawa ya gwada ya gwada, ya bugo ya ce in nemi wata dabara. Ya zama dai ko kwandon Alhaji Garba, ko babu.

Na fara da wuta kamar kullum. Na cire shagon daga wutar gwamnati na mayar kan janareta shi kaɗai, na sa mita, allura ba ta ko motsi. Na yanke kawunan wayoyi na matse sababbi. Na roƙi Alhaji ya sallami masu hira da budurwa a sauran kwamfutoci, ya sallame su yana gunaguni. Na sa fayil ya fara hawa. Ya yi nisa, har Malam Nasiru ya fara murmushi, sai ya tsaya cak. Jaɓɓi ya leƙo daga ƙofa.

"Malam, ta tahi?"

"Ba ta tahi ba tukuna," na ce.

Ya koma ya tsuguna.

Sai na sa kwamfuta ta riƙa ƙwanƙwasa wata na'ura a can nesa ba tsayawa, tana rubuto mini amsa layi bayan layi, ni kuma na kafa wa fitilun modam ido. Can sai na kama shi: fitilar da ke nuna ana jin tauraro ta mutu, amsa ta yanke, bayan ɗan lokaci ta dawo da kanta. Wannan ya wanke duk abin da ke cikin shago. Ciwon yana waje, tsakanin bango da sama. Ba damina ba ce balle in ce hadari ne. Na ce wa Alhaji sai na ga kwando.

Kun san gidajenmu. Namiji baƙo ba ya faɗawa cikin gida haka kawai, balle a shekarun nan da kowa ke ƙara kiyayewa. Alhaji ya shiga, na tsaya a zaure ina jin motsi, ana kawar da kaya, ana shara. Bayan wani lokaci ya leƙo ya ce bismilla. Na tarar da tsakar gida tas, an share har ana ganin sawun tsintsiya, mata duk sun shige ɗakuna, tukunya na kan murhu ba mai kula da ita. Na duba wayar tun daga bango har kan kwando, babu tsaga, babu tsatsa. Na sa sifana a kowane noti, a ɗaure suke. Na ɗaga murya na tambayi Malam Nasiru ta bango, ya ce fitila garau, ƙarfin sigina ya cika. Ba ka daɗewa a irin wannan wuri, ka tsare mutane a ɗaki abincinsu na ƙonewa. Na fito. Ban jima da zama ba fitila ta sake mutuwa.

Haka muka yi ta yi. In shiga, lafiya lau. In fito, ya lalace. Na canza na'urar da ke kan kwando da wadda na ciro daga Zurmi, duk ɗaya. Alhaji har ya gaji da kai-kawo, ya ce, "Lawali, wanga abu naka aljani gare shi. Kai kaɗai yaka tsoro." Na yi yaƙe. Maganar Oga Fidelis ta dawo mini, yanzu ba ta ba ni dariya. Na kwana a Shinkafi a gidan wani ɗan'uwana, Jaɓɓi da 'yarsa suka sauka a masaukin Fulani na bakin kasuwa. Kullum in na iso shago da safe na tarar sun riga ni.

Ranar Alhamis ta zo, ranar kasuwar Shinkafi, kuma kasuwar ƙarshe kafin Salla. Gobe Juma'a, ba mu san da wane agogo likitocin za su rufe ba, namu ko nasu. A raina na san in yau ta wuce, ta wuce. Sai kuma abin ya ƙara lalacewa. Da can layin yakan yi ɗan dogon numfashi kafin ya yanke, ran nan ko farawa ba ya bari a yi. Kayan gyara sun ƙare mini. Abin da ya rage shi ne abin da nake gaya muku kullum kuna ganin wauta ce: na ture sifana gefe, na zauna ina kallo.

Titin gaban shago hanyar kara ce, inda ake kai dabbobi. Wani garken tumaki ya wuce suna kuka, fitila ta mutu. Ban ɗauke shi komai ba. Titi ya yi shiru, fitila ta dawo. Masu kekuna suka wuce, motar hatsi ta wuce, fitila na nan. Wani garken ya sake tahowa, tun kafin su iso ƙofa fitila ta mutu, kuma a bayan bango na ji wani abu ya yi ƙara kamar an buga ƙarfe. Nan take na tuna abin da idona ya gani a tsakar gida kwana da kwanaki hankalina bai ɗauka ba. Ƙarfen kwandon duk ya yi baƙi, amma daidai gwiwa akwai wani zobe da ya goge yana ƙyalli.

Na miƙe na sami Alhaji a kan bencinsa.

"Alhaji, mi aka ɗaurewa ga ƙarhen kwando?"

"Ɗaurewa? Ba komi." Ya waiga wajen gida. "Sai dai ragon."

"Wane rago?"

"Ragon layyata mana. Duk turken da munka kahwa mai sai shi tumɓuke. Gidan nan kaf ba abin da ka riƙe shi sai ƙarhen nan naka da ka zuba ma siminti."

"To ni ban taɓa ganinai ba!"

"Yo ƙaƙa za ka gane shi? In za ka shiga ai sai a hidda shi ta ƙohwar baya, a share wuri. Baƙo shi shigo shi iske kashin tumaki? Ai ba mutunci."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kwandon intanet ba kamar na talabijin ba ne. Yana nuna wani ɗigo ne a sama mai nisan gaske, in ya kauce da faɗin farce ya rasa shi. Rago ya ja, ƙarfe ya ɗan lanƙwasa, layi ya yanke. Ya saki, ƙarfe ya koma mazauninsa, layi ya dawo. Mutuncin da ake yi mini shi ne yake ɓoye mini ciwon, kuma babu wanda ya yi laifi. Matan gidan sun ga ƙarfe mai ƙarfi sun ɗaure dabba, Alhaji ya girmama baƙonsa.

Aka fito da ragon ta ƙofar baya aka zagayo da shi titi. Wallahi sai ka ce ɗan maraƙi, fari, ƙahonsa ya naɗe. Na shiga na duba gindin ƙarfen, simintin ya ɗan tsage, na cusa duwatsu na daddale, na sake saita kwando har sigina ta cika. Na roƙi Alhaji ya gaya wa mutanen gida kada ko zani a shanya a jikinsa. Kafin in fito an ɗaure ragon a ginshiƙin rumfar shago, ya ga tumaki ya fizga sau ɗaya, rumfa ta karkace kwano na ƙara. Alhaji ya ce to ina za a kai shi? A bar shi nesa ɓarayin Salla su ɗauke, a mayar da shi ciki ba abin ɗaurewa. Wani ya ce a nemo kututturen icce.

Jaɓɓi ya miƙe. Tun da muka fara wannan ne karo na farko da na ji ya yi magana mai tsawo.

"Ba ni igiyar. Icce bai da ɗiya cikin injin ga."

Ya naɗe igiyar a hannu, ya zauna a ƙasa gaban shago, ragon na huci a gefensa. Na shiga na danna, fayil ya fara hawa.

Ban taɓa ganin rana ta yi tafiyar hawainiya irin ta ran nan ba. Garke bayan garke suna wucewa, ina jin ragon yana fizga, ina jin Jaɓɓi yana yi masa magana da Fillanci, fitila kuwa ko ƙyaftawa. Muka wuce inda muka saba faɗuwa. Malam Nasiru ya daina kallon allo, ya juya baya yana jan carbi. Ni kuma sai sabon tsoro ya kama ni: man janareta, ɓera a waya, yaron gida da ƙwallo. Na aika aka ƙara mai tun bai yi ƙasa ba.

Mun wuce rabi da nisa aka kira La'asar. A lokacin in an kira salla shago ake rufewa, babu wani sai na gama. Na bar kwamfuta tana aiki, na ja ƙofa, muka tafi masallacin unguwa. Alhaji ya ce wa Jaɓɓi ya kawo a miƙa ragon cikin gida har a idar. Jaɓɓi ya girgiza kai. Ya san abin da na sani: hannun da ya saba ɗaurewa a wuri, can zai sake kaiwa ba da niyya ba. La'asar ce, liman ba ya karatu a bayyane, don haka daga cikin sahu ƙarar janareta kawai kunnena yake bi.

Da aka sallame na fito da sauri. Daga nesa na hango Jaɓɓi yana sallarsa shi kaɗai a kan ƙasa gaban shago, ya ɗaura igiyar a ƙugunsa. Ya yi ruku'u, ragon ya hango wata tunkiya ya fizga, mutumin ya yi taga-taga har ya dafa ƙasa, ya miƙe ya gyara tsayuwa ya ci gaba. Dije na zaune a gindin bango tana riƙe masa sanda. Na wuce su na buɗe shago. Fitila na nan. Fayil na hawa.

Rana ta yi ja lokacin da fayil ɗin ya gama hawa. Allo ya tsaya fari, tsawon lokacin da na ji kamar raina zai fita, sannan rubutu ya fito da Turanci cewa an karɓa. Malam Nasiru ya karanta, ya sake karantawa, ya kifa kansa a tebur. Na fita ƙofar shago.

"Jaɓɓi, ta isa."

Ya ɗago ya dube ni. Tafin hannunsa duk ya saɓule, igiyar ta yi ja. Alhaji ya miƙa hannu zai karɓa, ya ƙi saki.

"Malam, ka tabbata? Kar in saki ta dawo."

Sai da na rantse masa cewa abin da ya isa can ba ya dawowa, sannan ya buɗe hannu.

Tun daga ranar ban sake kafa kwando a cikin gida ba sai na nemi tsohuwar gidan ta fito zaure na tambaye ta me ake yi a tsakar gida in babu baƙo: ina ake shanya, ina ake daka, ina ake ɗaure dabba. Maigida ba ya sanin rabin wannan. Ku da kuke ganin aikin nan duk a cikin allo yake, ku riƙe wannan.

Shekara ta zagayo, ana shirin wata Sallar, babur ya tsaya a ƙofar shagona a nan Kaura. Jaɓɓi ne ya sauko, riƙe da wannan turken da kuke gani, na ƙirya, ya fere shi da hannunsa. Ya ajiye mini a kan tebur ya ce, "Duk gidan da ka kahwa kwando, ka kahwa ma ragonsu nashi." Na ce ina Dije? Ya matsa gefe. Tana tsaye a bayansa, ta yi kumari, babu ɗankwali a fuska, sai dogon tabon ɗinki daga kunci zuwa haɓa. Kunya ta hana ta gaishe ni da baki, ta durƙusa kawai. Akwai ƙullin aya a hannunta, wadda uban ya saya mata a tasha.

Daga inda nake zaune ina jin ƙarar ayar a bakinta.